Otal mai saukin kudi kusa da filin jirgin Legas

Salamu alaikum 'yan uwa. Mako mai zuwa zan dawo daga Guangzhou ta Addis Ababa, na sauka filin jirgin Murtala Muhammed da rana, jirgin Kano kuma sai washegari da sassafe. Ga mahaifiyata tare da ni, gwiwa na damunta, ba ta iya hawa bene.

Bara wani dan tasi ya kai ni wani otal, wai nan kusa ne, muka shafe awa guda a cunkoso. Karfe 12 aka kashe janareta, na kwana ina fama da sauro.

Don Allah wa ya san wuri mai tsabta a Ikeja, mai daki a kasa da motar dauko baki, wanda bai wuce naira 40,000 ba? Kuma in biya tun yanzu, ko sai na ga dakin da idona?