Wai Hausa na da kalmar da ba namiji ba mace?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a aji malaminmu ya kawo kalmar efisin, wai asalinta Girkanci ce, kalmar da ke ɗaukar namiji da mace duka ba sai an canza ta ba, har wai a Turai wasu da ba sa ɗaukar kansu namiji ko mace suna kiran kansu da ita. To mu a Hausa akwai irinta kuwa? Ni dai na ga komai namu shi ne ko ita.

Maman Hanifa Daura:
Akwai mana ƙanena, kaka fa? Tsoho kaka tsohuwa ma kaka, sai ka ce kakana ko kakata sannan a gane. Haka likita, haka auta.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Hajiya ta faɗi daidai, amma dai Hausa akwai ta da bin diddigin jinsi, hatta kai da ke sai mun raba, ka zo kin zo, abin da Bature bai yi. A jam'i kam muna hutawa, mu ku su, da kuma an, an zo an tafi ba ka san ko waye ba. Yarbanci da Turkanci kuwa wakilin suna ɗaya ne ga kowa. Mutanen Suwidin ƙirƙiro hen suka yi, wakilin suna na namiji da mace duka, ta shiga ƙamusunsu a 2015.

Ɗan Ƙofar Soro:
Allah ya saka Malam, shi ya sa Bayaraben maƙwabcinmu ke ce wa matarsa ya tafi kasuwa kenan, ni ina ta dariya.