Neman shawara: gina gida a Tsibiri, aiki a Maraɗi

Mai tambaya:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni malamin makaranta ne a cikin birnin Maraɗi, ina zaune da iyalina a gidan haya a unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma kuɗin haya ya kai inda ba na iya ajiye komai daga albashina. An yi mini tayin fili a Tsibiri a kan farashin da bai kai rabin abin da ake nema a cikin gari ba, mai filin kuma ya nuna mini takarda mai hatimin mai gari, ya ce ita kaɗai ta isa. Ina so waɗanda suka san garin su gaya mini wace hukuma ce ke riƙe da shi, da yadda ruwa da wuta da likita da makarantu suke, domin mahaifiyata tana tare da ni kuma tana fama da hawan jini.

Wani dattijo ɗan Tsibiri:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, Tsibiri ba unguwar Maraɗi ba ce, ko da yake tsakaninsu kilomita 10 ne da ƴan kai, kuma gine-gine suna ta matsowa a bakin babbar hanyar da ta nufi Ƙonni da Yamai. Gari ne mai sarautarsa. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a shekarar 1808, Gobirawa sun daɗe ba su da tsayayyen mazauni, har aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara a kan Gobirawa da Katsinawan Maraɗi. Bayan wannan yaƙi ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri a kusa da Maraɗi, inda Katsinawan da suka baro birninsu suka riga suka zauna, don gidajen sarautar biyu su riƙa kama wa juna. Tun daga nan ake maƙwabtaka da auratayya, amma kowa da fadarsa: Sarkin Katsina a Maraɗi, Sarkin Gobir a Tsibiri, kuma mu muna da Inna, wato babbar sarautar mata a fada, kamar yadda suke da Iya.

Na kawo maka wannan ne saboda ya shafi aljihunka. Birnin Maraɗi an raba shi gida uku ta fuskar mulki, Tsibiri ba ta cikin ko ɗaya. Ƙaramar hukuma ce mai ma'aikatar magajin garinta, a ƙarƙashin gundumar Gidan Runji. Tun da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi a shekarar 2024, kantoma ne ke riƙe da ita, kamar sauran garuruwan ƙasar. Saboda haka takardar haihuwar ɗan da za a haifa maka a can, da harajin gida, da izinin gini, duk a Tsibiri za ka neme su. Idan kuma rigimar fili ta taso, mai gari da fada ne za su fara sasantawa, in abin ya gagara sai hanya ta kai ku Gidan Runji, kusan kilomita 50 daga Maraɗi. Mutane da yawa ba su gane haka sai ranar da suka shiga matsala.

Wani da ya taɓa aiki a ofishin filaye:

Baba ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara girma. Malam, kada ka ba da ko dala a kan takardar da aka nuna maka. Hatimin mai gari yana da ƙima, amma shaida ce kawai cewa an san mutumin da wurin a gargajiyance. Ka fara tambaya: an yanka wurin a hukumance ne, ko gona ce mai ita ya tsaga da igiya yana sayarwa? Idan an yanka, za ka ga duwatsun siminti a kusurwoyi huɗu, kuma akwai takardar ma'aikatar magajin gari mai lambar fili da lambar rukuninsa, wadda za ka iya kai wa ofis a duba cikin littafi ko sunan mai sayarwar ne a kai. Idan gona ce, to dokar filayen karkara ta 1993 ta kafa hukumar da muke kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma, a gabanta ake rubuta takardar sayarwa da shaidu.

Inda aka fi cin mutane shi ne gonar gado. Ɗa ɗaya zai sayar, sai bayan ka kai gini linta ƙannensa mata ko wani ɗan uwa da ke ci-rani a Najeriya su fito su ce ba a raba gado ba, kuma gaskiya ce suka faɗa. Ka nemi a tara magadan duka, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Haka kuma filin da ba a yanka ba, ran da yanka ya iso wurin, ana iya fitar da hanya ta tsakiyar ɗakinka.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Yayana, ni na zauna a Tsibiri ina aiki a Maraɗi, kuma ban yi nadama ba. A tsakiyar gari akwai wuta da ruwan famfo, akwai makarantun firamare da na sakandare, akwai likita inda ake awon ciki da rigakafi da gwajin jini irin na Mama. Kayan miya kuma daga fadama suke fitowa, da sauƙinsu. Sai dai filayen da ke da araha yawanci a bayan gari suke, inda turakun wuta da bututun ruwa ba su kai ba, kuma jawo su daga nesa zai iya cinye abin da ka rage a kuɗin fili. Ka tsaya a wurin ka ƙirga da idonka turaku nawa ke tsakaninka da na ƙarshe, ka tambayi maƙwabta nawa suke sayen jarkar ruwa a wurin ƴan garuwa a watannin zafi.

Maganar Mama ita ce ta fi damuna. Da rana ba a rasa adaidaita ko kabu-kabu a bakin titi, amma idan jiki ya tashi da tsakar dare, manyan asibitoci a Maraɗi suke. Kafin ka tare, ka san maƙwabcin da ke da mota kuma zai tashi idan ka buga masa ƙofa.

Wani magini:

Ban yarda a yi ta yaba arahar wurin ba tare da an ambaci gulbi ba. A shekarar 1945 ruwa ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, shi ya sa aka hau da shi tudu, kuma gulbin nan ne dai yake bi ta gefen Tsibiri. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Malam, ka je ka ga wurin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka duba ko akwai kwazazzabo a kusa. Idan ƙasar baƙa ce mai tsagewa, to fadama ce, tushen gini a can zai ci siminti da ƙarfe fiye da yadda ka shirya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mai filin, ya tabbatar mini cewa gonar mahaifinsu ce, su bakwai ne magada, kuma ba a yanka wurin ba. Na gaya masa zan dakata har damina ta yi nisa, kuma ba zan biya ba sai a gaban Kofo tare da ƴan uwansa duka. Baba, idan babu damuwa, ina roƙon ka raka ni wurin mai garin ranar Asabar mai zuwa, don na ji ta bakinsa kafin na je ma'aikatar magajin gari.