Ɗan wasan kasadar Harry Potter: yaya waya ta karya masa wuya alhali akwai katifa?

Ummi_Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. A fim ɗin labarin gaskiya na David Holmes: The Boy Who Lived, wanda tashar talabijin ta HBO ta fitar a 2023, an nuna David Holmes, mutumin da ya riƙa yi wa Daniel Radcliffe (jarumin da ya fito a matsayin Harry Potter) wasannin kasada, yana kan keken guragu. Tambayata biyu ce. An jera katifu a bango, to me ya karya shi? Kuma me ya sa hannunsa yake ƙara mutuwa bayan shekaru?

Malam Tanko: Wa alaikumus salam. A Janairun 2009 abin ya faru, a sutudiyon Leavesden da ke Ingila, lokacin atisayen fim ɗin Harry Potter na Deathly Hallows kashi na ɗaya. Ana ɗaura wa mutum ɗamara a jiki, waya ta fito daga bayansa ta bi ta kan kura (ƙaramar taya mai juyawa), a ɗaya ƙarshen a rataya nauyi. Da an saki nauyin sai a fizge shi baya kamar wani abu ya buge shi. Matsalar ita ce in an ƙara nauyi, gudun yana ƙaruwa amma tazarar bango tana nan yadda take. Katifa tana rage zafin karo ne kawai, ba ta hana wuya lanƙwashewa in jiki ya isa a karkace. Wuyansa ya naɗe gaba, ya karye a gaɓa ta 6 da ta 7, laka ta taɓu.

Nas Hadiza: Ummi, a wannan gaɓar kafaɗa da gwiwar hannu suna aiki, yatsu ne suke rauni, daga ƙirji zuwa ƙasa kuma ya shanye. Abin da yake cin hannun daga baya ruwa ne da ke taruwa a cikin laka kamar 'yar jaka, yana hawa sama yana matse jijiyoyi. Da hoton MRI ake ganinsa, wani lokaci a yi tiyata a sa siririyar roba ta riƙa janye ruwan, kuma ba kullum take dawo da abin da ya tafi ba.

Amma abin da ya fi ba masu jinya wahala na kullum ne. A kan gado ana juya mutum duk awa 2, a duba ɗuwawu da diddige. Jan da bai gushe ba in an danna shi da yatsa, gyambo ne ya fara. Fitsari da roba ake cirewa duk awa 4 zuwa 6. In kika ga ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, fuska ta yi ja, gumi na zuba daga wuya zuwa sama, jini ne ya hau, galibi saboda mafitsara ta cika. A zaunar da shi a miƙe nan take, a sassauta tufafi, in akwai robar fitsari a jikinsa a duba ko ta lanƙwashe ko ta toshe. Kada a kwantar da shi.

Malam Tanko: Ki lura da abokan aikinsa da aka zanta da su, musamman Marc Mailley da ya karɓi aikin ya ƙarasa finafinan. Wurin nan ya fi ko'ina nauyi a fim ɗin.