Na taɓa saitin BIOS, kwamfutata ta ƙi tashi: wa ya taɓa shiga wannan?

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a. Kwamfutar da na haɗa da hannuna ce, da ita nake gyaran bidiyon biki da suna. Daren jiya na shiga BIOS, wato shafin saitin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya buɗe, don in shirya ta karɓar Windows 11, tunda tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025. Na kunna TPM (ɓangaren da ke ajiye mabuɗan tsaro), na kashe CSM (saitin da ke barin injin ya tashi a tsohon tsari), na kunna Secure Boot (tsaron da ke tantance manhaja kafin injin ya tashi da ita). Da na hango XMP a shafin farko sai na kunna shi ma, don ram ɗin ya yi gudun 3200 da aka rubuta a jikinsa. Na danna F10 don in adana saitin in fita. Tun daga nan fanka na juyawa, fitilu na ci, amma sikirin baƙi wuluk. Aikin biki biyu na ciki, kuma masu shi na jira. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya fita.

Mai gyara, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, bidiyonka na nan, saitin BIOS ba ya goge abin da ke cikin disk. Kafin komai, buɗe murfin ka duba madabod ɗin, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa. Yawancin na yanzu suna da ƙananan fitilu huɗu a jere: CPU, DRAM, VGA, BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke gaya maka inda injin ya maƙale. An sha kawo min irin taka, mai ita ya riga ya yanke cewa bod ya ƙone har ya fara tambayar kuɗin sabo, alhali saiti ne kawai.

Ga abin da nake yi a shago. In zare wayar wuta daga bango gaba ɗaya, in danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fice. Sai in cire batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, in bar shi a waje kamar minti biyar. In kuma ka ga 'yan ƙarafa biyu da aka rubuta CLR_CMOS ko CLRTC ko JBAT1 a gefensu, haɗa su da bakin sukudireba na daƙiƙa goma, aikin ɗaya ne. Wannan ke mayar da BIOS yadda ya fito daga kamfani. In har yanzu fitilar DRAM ce, bar ram ɗaya tak a rami na biyu daga furosesa, wanda ake rubuta wa A2. Kuma tunda ka buɗe, hure ramukan, ƙurar hunturun garin nan kaɗai ta isa ta hana ram zama daidai.

Mai zanen kati, Barnawa:
Yaya, ni tawa ta ɗan bambanta, amma ina ganin tana jiranka a gaba. Hoto ya fito, sai dai duk kunnawa BIOS take mayar da ni, kuma disk ɗina ya ɓace daga jerin abin da za a tashi da shi. Har na haɗa filas zan goge komai in sa sabon Windows, zanen shekara uku na mutane a ciki. Allah Ya taimake ni wani malaminmu ya ce in dakata. Ashe tun farko an saka Windows ɗina a tsohon tsarin disk, wato MBR, shi kuwa sai da CSM yake tashi. Secure Boot sabon tsarin, wato GPT, yake so. Ina mayar da CSM sai ga Windows kamar ba abin da ya faru. Na kwashe ayyukana zuwa wani disk, sannan na yi amfani da mbr2gpt da ke cikin Windows 10 ɗin kansa na juya tsarin ba tare da an goge komai ba. Bayan nan ne na kashe CSM. In wani ya ce maka maganinta gogewa, kada ka yarda tukuna.

Mai shagon wasan gem, Kawo:
A duba katin hoto ma. Nawa tsoho ne na hannu, bai san UEFI ba, wato sabon tsarin BIOS, ina kashe CSM sikirin ya mutu. Na mayar da wayar HDMI jikin madabod, nan ma shiru, domin furosesana Ryzen na AMD ne, na zubin 3000 marar harafin G, ba shi da hoto a cikinsa. Na Intel masu F a ƙarshe ma haka suke. Cire batiri ne ya dawo da ni.

Ma'aikaci, Malali:
Ina girmama maganar Malam na Tudun Wada, amma ba kowane baƙin sikirin ke buƙatar buɗe inji ba. Tawa sabon nau'in ram ne a ciki, wato DDR5. Ranar da na kunna EXPO, wato takwaran XMP a ɓangaren AMD, fitilar DRAM ta tsaya, ni kuma ina ta kashewa ina kunnawa. Ashe bod ɗin yana gwada ram ɗin ne don ya samo lokutan da za su yi aiki tare, kuma wannan kan ci mintuna. Kowane kashewa da na yi, daga farko yake komawa. Da na ƙyale ta na tafi sallar isha'i, na dawo na tarar ta tashi.

Mai gyara, Tudun Wada:
Gaskiyarka Alhaji, haka ne a DDR5. Amma shi 3200 ya ambata, DDR4 ke nan, kuma ta kwana a haka. Jira ya ƙare.

Malamar makaranta, Rigasa:
Abin da ya same ni bayan ta tashi ne. Shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗin BitLocker, wato makullin disk na Windows, mai lambobi 48, saboda an taɓa TPM. Ban ma san disk ɗin a kulle yake ba. Na kwana biyu cikin damuwa, sakamakon jarrabawar ɗalibai na ciki, kafin ɗana ya shiga asusuna na Microsoft ta waya ya samo lambar. Duk mai shirin taɓa TPM ya fara rubuta lambar nan a takarda.

Ɗalibi, Mando:
Ni sabunta BIOS nake yi aka ɗauke wuta ana tsaka. Cire batiri bai yi komai ba, don firmwaya ɗin, wato manhajar BIOS kanta, ita ce ta lalace. Abin da ya cece ni, bod ɗina na da maɓallin sake ɗora BIOS a baya. Na sa fayil ɗin a filas mai tsarin FAT32, na canja masa suna yadda littafin bod ya ce, na soka a ramin da aka ware, na danna. Yanzu sai a kan inbata nake wannan aikin.

Mai tambaya, Unguwar Rimi:
Alhamdu lillahi, ta tashi. Fitilar DRAM ce, Malam, kamar yadda ka yi zato. Batirin yana ƙarƙashin katin hoto, sai da na cire katin na kai gare shi. Bayan na mayar, BIOS ya fito da kwanan wata a rikice, amma Windows ya ƙi zuwa. Nan na tuna maganar ƙanwata ta Barnawa, na duba, ashe a bod ɗina CSM a kashe yake zuwa daga kamfani. Ina kunna shi sai ga Windows. Disk ɗina ma MBR ne, ke nan ko ban taɓa XMP ba da na faɗa ramin da kika faɗa.

Na sake gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ina kunna injin tsakanin kowane canji. TPM lafiya lau. XMP ne ke kashe ta, kuma na gano dalili: ram biyun ba tare na saye su ba, na biyun a jikinsa 2666 aka rubuta. Na bar XMP a kashe. Yanzu haka bidiyon mutane nake kwashewa zuwa wani disk kafin in taɓa mbr2gpt. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Malam, gobe bayan la'asar zan kawo ram ɗin shago ka duba min ko za a samu abokin na farkon.