Shawarar dattawan Tahoua ga mai son zagaya ƙasashe kan moto bayan ritaya

A wata fada a Tahoua, wani malamin makaranta da ya yi ritaya ya ce yana son hawan moto har Kotonu, sai waɗanda suka san hanyar suka ba shi shawara.

Galibinsu sun fi tsayawa kan lafiyar jiki, domin bayan mutum ya haura shekara 60, baya da gwiwa ba sa jure zaman sirdi kamar dā. Suka ce ya ga likita tukuna, ya riƙa tashi bayan sallar asuba, ya sauka kafin azahar, kuma kada ya yi tafiyar dare ko da masauki ya yi nisa. Watannin Disamba da Janairu sun fi dacewa, ko da yake hazo kan rage gani.

Batun takardu bai ɗauki lokaci ba: lasisin tuƙi, takardar mallakar moto, inshora da katin rigakafin cutar shawara. Kuɗin sefa suna aiki a Benin da Togo, amma Gana sidi take karɓa.

Abin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na wani tsohon direba, wanda ya ce a tambayi halin iyakar Nijar da Benin da ke Gaya da kuma tsaron hanya kafin a ɗaura kaya.