Neman shawara: GitHub ya kasa kiran Jenkins ɗin da na ɗora a shago

Ɗan Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu uku ne muke gina manhajar Android ta lissafin riɗi da zoɓorodon da ƙungiyar manomanmu ke saye a ƙauyukan Gumel. Ɗaya yana Kano, ɗaya yana Dutse, ni ina ƙauye. Kowa ya yi gyara sai ya haɗa APK, wato fayil ɗin da ake sa manhajar a waya da shi, a kwamfutarsa ya tura ta WhatsApp, har ta kai masu awo biyu suna riƙe da manhaja iri daban, lissafinsu ya ƙi haɗuwa. Kuɗin talakawa ne, abin ya dame ni. Shi ya sa na ɗora Jenkins, manhajar da ke gwada aiki ta kuma haɗa shi da kanta, a kan tsohuwar laftof mai Ubuntu da RAM 8GB, tana kan sola. Burina duk wanda ya tura gyara GitHub, shafin da muke ajiye aikin, Jenkins ya jawo, ya gwada, ya haɗa APK shi kaɗai. In na danna Build Now yana aiki, amma webhook, wato saƙon da GitHub ke aiko wa Jenkins in an tura gyara, ba ya isowa. MiFi nake amfani da shi. Ina mafita?

Injiniya, Kazaure:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, Jenkins ɗinka lafiya lau yake. Layukan waya galibi suna haɗa mutane da yawa a kan adireshin IP guda, shi ake kira CGNAT, don haka GitHub ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Ka juya abin: Jenkins ya riƙa leƙawa da kansa. Kunna Poll SCM ka rubuta H/15 * * * *, duk minti 15 zai duba ko akwai sabon gyara. Datar da leƙen ke ci ba ta taka kara ta karya ba. Gradle, kayan aikin da ke haɗa APK ɗin, shi ne mai cin data a ginin farko, kada ka goge ma'ajiyarsa ta .gradle.

Yaya daga Ringim:
Ni dai zan tambaye ka, dole sai Jenkins? GitHub Actions, wanda ke yin irin wannan aikin a kwamfutocin GitHub, yana ba asusun kyauta minti 2,000 a wata, ko da ma'ajiyar ta sirri ce. Babu ruwanka da batir ko zafin Afrilu, wanda na san yadda yake dafa laftof a ɗakin kwano. Ku uku zai yi wuya ku cinye wannan.

Ɗan Gumel:
Na gode Yaya. Ina son mabuɗin sa hannun manhajar ya zauna a hannunmu, kuma ina son in koyi aikin.

Malama, Bichi:
To ka riƙe shi da kyau. Kada keystore, wato fayil ɗin mabuɗin, ko kalmar sirri su shiga cikin Jenkinsfile, fayil ɗin da ake rubuta wa Jenkins matakan aiki, a sashen Credentials ake ajiye su. Jenkinsfile ɗin kuma ya zauna a ma'ajiyar GitHub tare da sauran aikin, in laftof ta mutu ba ka rasa tsarin ba. Ka riƙa kwafe /var/lib/jenkins, inda Jenkins ke ajiye bayanansa, a filashi duk mako, keystore kuma a wuri biyu, don in ya ɓata sabon APK ba zai hau kan tsohon da ke wayoyin masu awo ba.

Injiniya, Kazaure:
Ƙari kan na Malama: in wani ya ce ka buɗe ƙofar 8080, wadda ake shiga Jenkins ta nan, ga duniya ta manhajar ngrok, kada ka yi gaggawa. Ka bar executor, wato gurbin gini a Jenkins, ɗaya tak, gini biyu a lokaci guda zai shaƙe 8GB.