Idan Limfoma Ta Shiga Jijiya: Shawarwarin Likitocin Hoto

Likitocin hoto da suka tattauna kan wannan matsala sun yi ittifaƙi cewa mai cutar limfoma (kansar ƙwayoyin garkuwar jiki) da ya fara jin zafi mai tsanani da raunin hannu ko ƙafa a gefe guda, kada a ɗora wa maganin kansa na binkiristin laifi kai tsaye. Illarsa takan kama ɓangarorin biyu daidai, daga yatsu. Wataƙila kansar ce ta kutsa cikin jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi.

Sun fi ba hoton PET-CT (mai nuna wuraren da ke shan sukari da yawa a jiki) ƙarfi, domin jijiyar da ta kamu takan haskaka kamar zare. Amma a ɗauka daga kai har tafin ƙafa. Hoton da aka saba yana tsayawa a tsakiyar cinya, ya bar sauran a duhu. Majinyaci ya yi awa 6 bai ci ba, sukarin jininsa ƙasa da 200 mg/dL, a kuma ɗumama shi, don kitsen wuya yakan haskaka in ana sanyi, ya rikita mai dubawa.

Hoton MRI da gadoliniyam (sinadarin da ake yi wa majinyaci allurarsa don hoto ya fito sosai) yana nuna kumburin jijiya, sai dai bai cika bambanta kansa da kumburi na daban ba. Gwajin ruwan laka kuwa sau da yawa ba ya nuna ƙwayoyin kansar.

Abin da suka fi jaddadawa: in hali ya yi, a jinkirta sitiroyid (maganin rage kumburi) har a yi hoto a kuma ɗebi ɗan nama don gwaji, domin yana ɓoye cutar.